Inda Ake Tufka Gada da Ciyawa: Tafiyata Zuwa Q'eswachaka

Kwas ɗin irin dankalin turawa ne ya kai ni Peru. Hedikwatar Cibiyar Dankali ta Duniya a Lima take, kuma dankalin kansa ɗan asalin tsaunukan Andes ne, don haka duk wanda abincinsa ke cikin wannan amfanin gona yana da burin wata rana ya je ya ga tushensa. Hanya ce mai cin rai: Addis Ababa, daga nan a tsallake Tekun Atlantika zuwa São Paulo ta Brazil, a yi zaman jira a kan kujerar ƙarfe har baya ya ƙage, sannan a ratsa nahiyar daga gabas zuwa yamma a sauka a Lima da kumburarrun ƙafafu. Jami'in shige da fice ya jujjuya fasfona, ya duba biza da takardar gayyata, ya tambayi ranar komawata, ya ce in wuce.

Lima a watan Yuni ba ta da rana. Wani farin hazo mai laima ke rufe garin tun safe har dare, amma ruwan sama ba ya sauka, domin garin a cikin hamadar bakin teku yake. Na samu Juma'a a masallacin unguwar Magdalena del Mar, na canza kuɗi, a lokacin dala ɗaya sol uku da 'yan kai, sauran lokacin kuma aji da ɗakin gwaji suka cinye shi.

A ajin ne na haɗu da mutumin da ya karkatar da tafiyar. Ɗan lardin Canas ne a yankin Cusco, yana jin Turanci da Sifaniyanci da harshen iyayensa, Kechuwa. A can duk wanda ya karanta aikin gona a jami'a Injiniya ake ce masa, ni ma haka na riƙa kiransa. Wata rana muna ɗaure buhunan iri da igiyar leda, ƙullin yana ta zamewa, sai ya ce, "Ɗan'uwa, da igiyar gwaggona ce da tuni mun gama. Mu fa da ciyawa muke yin gada." Na ɗauka zolaya ce. Ya ciro waya ya nuna mini gada rataye tsakanin duwatsu biyu, ruwa can ƙasa, mutane suna tafiya a kanta. Ya ce sunanta Q'eswachaka, kowace shekara a mako na biyu na Yuni ake yanke ta a tufka sabuwa, daga Alhamis zuwa Lahadi, kuma kwas ɗinmu zai ƙare daidai lokacin. A daren na ɗaga ranar komawata.

Jirgi daga Lima zuwa Cusco bai kai awa ɗaya da rabi ba, amma a wannan ɗan lokacin yake ɗauke mutum daga bakin teku ya dire shi a tudun mita 3,400. Iskar wurin ba ta ƙosar da huhu. Matakala goma na hawa zuwa ɗakina, sai da na tsaya a tsakiya ina haki, kai yana sara, zuciya tana dukan uku-uku. Idan na ɗago daga sujada sai in ga bango yana juyawa, dole in dafa ƙasa in jira. Mai masaukin ta kawo mini shayin ganyen koka, wanda kowa ke sha a can don wannan ciwon, ta ce in kwanta, kada in cika ciki, kada in yi sauri. Ruwan alwala kuwa, ƙanƙara ce da ba ta gama daskarewa ba.

Da jiki ya ɗan saba muka kama hanyar kudu maso gabas, wadda ke bin kogin Vilcanota ta nufi Sicuani da Puno. Kuɗin mota zuwa Combapata a lokacin wajen sol 10 ne, tafiyar awa biyu da ɗoriya. A Oropesa mata suka yi wa motar caa da wani faffaɗan burodi zagayayye mai ɗan zaƙi, Injiniya ya sayi biyu na tsaraba. Bayan Urcos 'yan sandan hanya suka tsayar da mu, suka duba takardun direba, ɗayansu ya karɓi fasfona ya daɗe yana kallon bangonsa, ya tambayi ko ni ɗan ƙwallo ne. Da aka ce masa gadar ciyawa zan je gani sai ya yi dariya ya miƙo mini. Daga Combapata muka shiga ƙaramar mota ta haɗin gwiwa, ta fara hawan dutse tana lanƙwasa, muka wuce tafkin Pampamarca. Injiniya ya nuna mini wajen Tungasuca, garin Túpac Amaru na Biyu, wanda ya yi wa Sifaniyawa bore a 1780 suka kashe shi a dandalin Cusco a 1781. Mutanen Canas har yau da shi suke tunƙaho. A Yanaoca, hedikwatar lardin, muka ci miyar dankali da soyayyen kifi a kan sol 10, muka nemi motar Quehue.

Tun daga nan na lura bishiya ta ɗauke. Sai ɗaiɗaikun turare da aka dasa kusa da gidaje, sauran ƙasar kuwa tudu bayan tudu, duk lulluɓe da wata ciyawa ruwan ɗorawa mai tsini da ke fitowa curi-curi. Tumaki da lama da alfaka, 'yan uwan raƙumi marasa tozo, suna kiwo a cikinta. A tudun mita 3,700 zuwa sama babu ɓawon da za a ɓare a yi igiya, babu katakon da zai ƙetare kwazazzabo. Abin da Allah Ya hore musu ciyawa ce, da ita suke jinka, da ita suke ɗaure kaya, da ita kuma suka yi gada.

A gidan gwaggon Injiniya muka sauka, a ƙauyen Huinchiri. Ginin tubalin ƙasa ne da rufin ciyawa, murhu a cikin ɗaki, makamashin busasshen kashin dabbobi. A ƙarƙashin murhun wasu 'yan dabbobi masu kama da manyan ɓeraye marasa wutsiya suna ta kai da komo suna tsuwa. Kuy ake ce musu, kiwonsu ake yi don nama, kuma babban karamci ne a gasa wa baƙo ɗaya. Injiniya ya riga ya yi mini bayani a wurin tsohuwar cewa addinina yana da ƙa'idar yanka, ba ta ji haushi ba, ta cika mini kwano da dankali kala-kala, da cuku, da ƙwai, da gasasshen wake. Na ce, "Mama, wannan ai na mutum uku ne." Ta ce wa ɗan ɗan'uwanta ya gaya mini sanyi ne zai cinye rabi. Gaskiya ta faɗa. Da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko kamar an buɗe masa ƙofa, na kwanta a kan fatun tumaki da barguna masu nauyin da juyi ma sai da dabara. Da asuba ruwan da aka bari a waje ya zama dutse. Wannan sanyin ne ma suke amfani da shi wajen adana dankali: a baza shi a fili ya daskare da dare, a tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, rana ta busar da shi, ya zama chuño, ya shekara da shekaru bai lalace ba. A matsayina na mai aikin dankali, wannan kaɗai ya biya ni kuɗin mota.

Amma igiya na zo gani, kuma tun kafin gari ya waye sosai na same ta a tsakar gida. Tsohuwar na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, damin ciyawa a gefenta, kwanon ruwa a ɗaya gefen. Ciyawar gada q'oya ce, ba kowace ciyawar tudu ba, tana da tsawo da sulɓi da tauri. Makonni kafin nan suke hawa su yanko ta da lauje su shanya. In an zo aiki sai a ɗora ta a kan dutse a daddoke ta da wani dutsen, ba don a farfasa ta ba, don dai ta saki jiki, sannan a jiƙa ta. Busasshiya karyewa take yi, wadda ta sha ruwa fiye da kima kuma tana kumbura, in ta bushe igiyar ta yi sako-sako. Tsakanin nan ake nema, kuma hannu ne kawai ya san shi.

Ta ɗauki 'yan tsiraran ciyawa ta raba biyu, ta sa tsakanin tafukan hannunta ta murza. Murza ɗaya tana yin aiki biyu: kowane sili yana murɗewa a kan kansa ta gefe ɗaya, su biyun kuma suna naɗe juna ta ɗaya gefen. Duk sirrin igiya a nan yake. Silin da aka murɗa so yake ya warware, amma hanyar da zai bi ya warware ita ce hanyar da ke ƙara matse shi a jikin ɗan'uwansa, shi ma ɗan'uwan haka. Sai kowanne ya zama makullin ɗaya. Idan aka ja igiyar, murɗin yana ƙara damƙe ciyawar, tsinke ya kasa zamewa daga jikin tsinke. Shi ya sa ciyawar da ba ta wuce kamu biyu ba take ba da igiyar da ba ta da iyaka. Da sili ya fara sirancewa sai ta cusa sababbin tsinkaye ta ci gaba, kuma ba ta taɓa yin ƙari a silin biyu a wuri ɗaya ba, sai ta bar tazara, don kada rauni biyu su haɗu. Abin da ta gama tufkawa tana tura shi ta ƙarƙashinta, nauyin jikinta ya riƙe shi, ya riƙa taruwa a bayanta. Duk wannan ba ta kallon hannunta, hira take yi da maƙwabciya tana korar kaji.

Kaurin igiyar bai wuce ɗan yatsa ba, q'eswa suke ce mata. Kowane gida a ƙauyuka huɗun da ke da hakkin gadar, wato Huinchiri da Chaupibanda da Choccayhua da Ccollana Quehue, wajibi ne ya kawo gaba 40, wajen mita 70 ke nan, kuma akwai masu rubuta wanda ya kawo da wanda bai kawo ba. Ta miƙo mini ciyawa na zauna kusa da ita. Hannuna ya san tufka tun ina yaro, amma bai san q'oya ba. Kafin hantsi tafina ya yi bororo. Nata tafin da ta nuna mini duk kanta ne, ƙaya ma ba za ta shige shi ba.

A nan na ba su labarin namu, Injiniya yana fassarawa. Na ce mu galibi ba daga ciyawa muke samun zaren igiya ba, daga ɓawo ne da ganye. Rama ana yanke ta a jiƙa a kududdufi har ɓawon ya ruɓe ya saki, a ɓare a wanke a shanya, zare ya fito fari dogo. Kuka ana ɗaye ɓawon gindinta a daddoka a tsefe, kuma bishiyar ba ta mutuwa, sabon ɓawo take yi, abin da yawancin itatuwa ba sa jurewa in an zagaye su. Kalgo a take ake ɗaye shi ɗanye a ɗaure itace ko dami. Kaba ana tsaga ta a tufka igiyar guga da dabaibayi da ta ɗaure darni. Tsofaffinmu sukan maƙale bakin igiyar a babban yatsan ƙafa su murza a tafi ko a cinya. Abin da ya fi ɗaure wa tsohuwar kai shi ne tsawon zaren rama, ya fi mutum tsayi. Ta ce mai irin wannan ai bai san wahala ba, shi da ba ya ƙari sai jifa-jifa. Ni kuma abin da na gaya musu, ba da daɗin rai ba, shi ne igiyar leda ta kusa korar duk waɗannan daga kasuwa. Aikin gayya mun san shi, a noma da jinka da yaɓen gida, amma ban taɓa ganin gayyar da aka ɗora wa kowane gida adadin igiya a kai ba. Ina ganin wannan adadin ne ya hana tufka mutuwa a Canas, domin su ma ledar na nan a shagunansu. Yarinyar da gidansu ke bin bashin gaba 40 duk shekara dole ta koya.

Ranar Alhamis muka gangara bakin kogin Apurímac, wanda yana cikin ruwayen da ke haɗuwa su zama Amazon. Hanyar tana sauka da lanƙwasa iri-iri, sai ga kwazazzabon, ruwan kore shar a ƙasa, tsohuwar gadar ta yi baƙi ta saki ciki. Tsawonta wajen mita 28 ne, faɗinta mita ɗaya da 'yan kai. Ɗan gaba kaɗan ga gadar ƙarfe da motoci ke bi. Wato ba rashin hanyar tsallakawa ke sa su wannan wahala ba. Daular Inka, da ta mulki yankin kafin zuwan Sifaniyawa, wadda ba ta yi amfani da baƙin ƙarfe ko keken ja ko doki ba, ta shimfiɗa hanyoyi na wajen kilomita 30,000 da a yau suka ratsa ƙasashe shida, kuma da irin waɗannan gadoji take tsallake kwaruruka. Kowace gada akwai ƙauyukan da aka ɗora wa sabunta ta a matsayin harajin aiki. Daular ta faɗi, sauran gadojin suka bi ta, wannan ce ta rage. Hukumar UNESCO ta sa ilimin sabunta ta cikin gadon al'adun duniya a 2013, hanyoyin Inka kuma a 2014.

Kafin a taɓa komai wani malamin gargajiyarsu ya shimfiɗa mayafi ya jera ganyen koka da masara da giya da wasu tarkace, ya hura wuta, yana neman izinin uwar ƙasa da suke kira Pachamama da na duwatsun yankin. Na ja gefe na ba su wuri, babu wanda ya ce mini don me. Haka da aka zagayo da giyar masara na ɗaga hannu na gode, aka wuce.

Sai aikin maza ya fara, a kan titin da ke saman kwazazzabon. Aka miƙe ƙananan igiyoyin nan a ƙasa, talatin-talatin, mutane a kowane baki suka riƙa murɗa su tare har suka zama igiya ɗaya mai kaurin damtse. Sannan aka rabu biyu aka yi ta ja, wannan ɓangare da wancan, ana ihu ana dariya, wasu na faɗuwa. Wasa ne a ido, amma aiki ne: sabuwar igiya tana da miƙewa a cikinta, in ba a cire mata yanzu ba, a kan ruwa za ta miƙe gada ta zube ciki. Daga nan aka ɗauki uku-uku aka kitsa su, kitso sosai irin na gashi, suka zama manyan igiyoyi masu kaurin cinyar ƙato. Huɗu ake yi na daɓen gada, da wasu biyu da ba su kai su kauri ba na madafa. Kowace ɗaya sai layin maza ya saɓa ta a kafaɗa kafin ta motsa. Injiniya ya ce wani masanin gine-gine na jami'ar MIT ta Amurka, John Ochsendorf, ya taɓa gwada ƙarfin irin waɗannan igiyoyi, ya samu za su ɗauki nauyin da ya kai wajen tan 7.

A gefen titin na haɗu da wani dattijo Bafaranshe, fari fat da gemu, yana zaune cikin matan yana tufka. Ya ce sana'arsa koya wa mutane yin igiya da ɓawon itace. Ya ciro wata daga aljihu, ruwan zuma, mai laushi, ta ɓawon bishiyar tiliya ta ƙasarsu. A farkon bazararsu ake ɗaye ɓawon, lokacin da ruwan itace ya hau yana saɓulewa da sauƙi, a nutsar da shi a ruwa makonni har ya yi ɗoyi, sai ɓawon ciki, wanda ke tsakanin na waje da itacen, ya rarrabu falle-falle. Na ce masa ai aikin rama ke nan. Ya ce mutumin nan Ötzi, da aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991 bayan shekara kusan 5,300, da igiyoyin wannan ɓawon aka same shi. Ya ƙara da cewa a wani kogon dutse a Faransa, Abri du Maras, an samu guntun zare mai tsawon wajen milimita 6 manne a jikin makamin dutse, sili uku na ɓawon ciki, an murɗa kowanne ta gefe ɗaya an haɗa su ta ɗaya gefen, ya haura shekara 40,000, aka bayyana shi a 2020. A Peru ɗin ma, kogon Guitarrero ya ba da igiyoyin tsiro na wajen shekara 12,000. Matan suka karɓi igiyarsa tana yawo hannu zuwa hannu, kowace ta warware bakin ta leƙa murɗin, ta sake ta ta koma da kanta, ta gyaɗa kai. Ba sa jin yarensa, ba ya jin nasu, ni ma haka, amma babu wanda ya nemi tafinta a wannan zancen.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Matan nan su ne suka tufka mafi yawan abin da zai zama gada, kuma duk kwanakin suna zaune a saman tudu cikin jajayen siket da huluna masu ado suna ƙara tufka ƙananan igiyoyin da za a ɗaure gefe da su. Amma ba a yarda mace ta sauka bakin gadar ba muddin ana aiki, wai tana jawo tsautsayi. Masu ɗaukar hoto duk suna can ƙasa wajen maza. Na tambayi tsohuwar ko abin yana damunta. Ta ɗaga kafaɗa ta ce su je su yi ta ja, in ta ƙi murzawa me za su ja? Baƙo ba ya gyara wa masu gida al'ada, na yi shiru, amma duk wanda ya ce maza ne ke gina wannan gada rabin labari ya bayar.

Ranar Juma'a wani ya bi ta kan tsohuwar gadar da igiya a ɗaure a ƙugu ya kai wancan ƙetaren, da ita aka riƙa janyo manyan ɗaya bayan ɗaya. A kowane gefe akwai ginin dutse tun na zamanin Inka, da wasu dogayen duwatsu a gicciye da ake naɗe igiyoyin a jikinsu. Da sababbin suka ƙetare sai aka sa wuƙa aka datse tsohuwar gadar. Ta yi lilo ta faɗa ruwa, kogi ya tafi da ita, ciyawa ce za ta ruɓe. Sauran yinin duk a ja ya ƙare. Maza a jere, mai ba da umarni ya yi kira, su ja gaba ɗaya, a naɗe abin da aka samu a dutse, a huta, a sake. Dole igiyoyin daɓen huɗu su yi tauri daidai wa daida, in ɗaya ta fi sauran saki gadar za ta karkace ta zubar da mai tafiya. Wani dattijo yakan tsuguna ya daidaita idonsa da su, ya ce a ƙara wa ta biyu, a sake tashi. Rana tana ƙuna, inuwa tana daskarar da mutum, leɓɓana duk suka tsage.

Asabar ce ranar gwanaye. Masu saƙar gada, chakaruwaq, gadon gida ne a wurinsu, daga uba zuwa ɗa. Biyu suka hau, ɗaya daga kowane baki, suka zauna a kan igiyoyin daɓen kamar masu hawan doki, ƙafafu na reto a kan ruwa, babu abin da ya ɗaure su. Mataimaka na miƙo musu ƙananan igiyoyi, suna ɗaurawa daga madafa zuwa daɓe, kusa da kusa, har gefen ya zama raga, suna kuma sa sanduna a gicciye suna ɗaure igiyoyin huɗu da ƙirin fata don kada su rabu. Suna matsawa taku-taku, iska tana kaɗa su. Ni da ke tsaye a kan dutse tafin ƙafata ne ke zufa. Can da yamma suka haɗu a tsakiya, suka miƙe suka ɗaga hannu, kwazazzabon ya ɗauki ihu. Aka shimfiɗa wata doguwar tabarmar ƙirare da ganye a kan daɓen. A 2020 annobar korona ta hana wannan taro, igiyoyin suka zarce wa'adinsu, a watan Maris na 2021 gadar ta tsinke ta faɗa kogi da kanta, sai a Yunin shekarar suka sake ɗaga ta. Shekara ɗaya ciyawar ke iya ɗauka ta ruwa da rana, ba ta yin biyu.

Shugabanni suka fara tsallakawa, sannan sauran jama'a, kaɗan-kaɗan. Da layi ya zo kaina na yi bismillah na kama madafa. Sabuwar igiya tana da ƙaiƙayi da ƙamshin ingirici. Gadar tana nutsawa ƙarƙashin ƙafa ta taso a gaba, kuma takun wanda ke bayanka yana zuwa maka ta cikin igiyar kafin ka ji motsinsa. A tsakiya, inda ta fi saki, iska ta tura ta gefe, na hango ruwa ta tsakanin ƙirare, gwiwoyina suka yi sanyi. Injiniya daga bayana ya ce, "Ɗan'uwa, kalli gaba, kada ka tsaya!" Wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta biyo bayanmu, hannu ɗaya riƙe da rake.

Lahadi ranar rawa ce da kasuwa, ƙungiyoyi daga ƙauyuka suna gasa, ƙura ta tashi, masu abinci sun kafa rumfuna. Ban jira ƙarshe ba saboda jirgi. Tsohuwar ta ƙi karɓar kuɗin masauki, da ƙyar ta yarda da sukari da shinkafa da man girki da muka sayo mata. Abin da ta nema irin rama ne. Na ce mata rama ba ta jure daren Huinchiri ko ɗaya, kuma iri ba ya ƙetare iyaka sai da takardun hukuma. Ta ce to a aiko mata da igiyar ta gani. Motar komawa ta ninka kuɗi saboda biki, muka cushe har da masu zama a kan buhunan dankali, muka isa Cusco cikin dare, daga nan Lima, São Paulo, Addis Ababa.

Bayan wasu watanni wani abokin aikinmu ya tafi irin kwas ɗin, na sayi igiyar rama mafi kyau da na samu na ba shi ya kai wa Injiniya. Amsa ta zo ta saƙon murya, ina jin tsohuwar a bayansa tana magana yana fassarawa. Ta ce zaren ya yi kyau ƙwarai, ba ta taɓa taɓa irinsa ba, amma tufkar ta yi sako-sako, wanda ya yi ta sauri yake yi. Ta warware ta gaba ɗaya ta sake tufkawa, yanzu da ita take ɗaure jakinta.